Hutun Haihuwa ga Ma'aikata Maza a Najeriya: Sharhi a kan Sharuɗɗansa a Ma'aunin Fiƙihu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayyar Najeriya ta amince a riƙa ba ma'aikatan gwamnati maza hutu idan aka yi musu haihuwa. A watan Nuwamba na 2022 ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta wancan lokaci, Dokta Folasade Yemi-Esan, ya fitar da takardar umarni wadda ta fayyace yadda za a aiwatar da shi. Takardar gajera ce, abubuwa huɗu ta ƙunsa. Na farko, ma'aikacin da matarsa ta haihu zai sami hutun ranakun aiki 14. Na biyu, ba za a ba shi hutun fiye da sau ɗaya a cikin shekara biyu ba. Na uku, hutun bai wuce 'ya'ya huɗu ba. Na huɗu, wanda iyalinsa suka ɗauki jaririn da bai kai wata huɗu ba a matsayin ɗansu, shi ma zai sami irin wannan hutu.

Da yawa sun karɓi labarin da raha, ana tsokanar magidanta cewa su ma za su shiga wankan jego. Wasu kuma suka ɗauke shi a matsayin baƙuwar al'ada daga Turai. Raha da ƙyama duka sun hana a tsaya a karanta takardar da idon basira. Wannan sharhi yana ganin cewa asalin hutun yana da gindin zama a Shari'a, kuma yawan kwanakinsa ya dace da buƙatar gidan Musulmi. Inda gizo ke saƙar shi ne sharuɗɗa ukun da aka gindaya, domin an ƙirga su a kan ma'aikacin, alhali waɗanda hutun yake yi wa amfani su ne mai jego da jaririnta.

Matsayin hutun a fiƙihu

Ma'aikacin gwamnati, a wurin malaman fiƙihu, ɗan ƙwadago ne keɓantacce, wato wanda aka yi ijarar lokacinsa, ya cancanci lada saboda miƙa kansa ga aiki a tsawon wannan lokaci. Tun da can malamai sun cire lokutan sallolin farilla daga lokacin da mai aiki ya mallaka, ba tare da an rage lada ba. Sun kuma yarda cewa sharaɗin da ɓangarori biyu suka amince da shi yana lazimtarsu matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Saboda haka idan gwamnati, wadda ita ce mai aiki, ta yafe wa ma'aikaci wasu kwanaki tare da cikakken albashi, babu abin da ya hana. Babin mu'amala a buɗe yake sai abin da nassi ya rufe.

Zancen bai tsaya ga halacci kawai ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa ta shekara biyu, ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali, ta kuma hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗansu. Ayar ta siffanta uba da wanda aka yi wa haihuwar, malaman tafsiri kuwa sun ga cewa wannan siffa ita ce dalilin ɗora masa nauyin. A tarihin Manzon Allah (SAW) akwai abin da ya fi kusa da mas'alar. Usman ɗan Affan (RA) bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta biyu bayan Hijira, domin an umurce shi ya zauna ya yi jinyar matarsa Ruƙayya (RA). Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa an tabbatar masa da ladan wanda ya halarta da kuma rabonsa na ganima. Ga aiki na al'umma da babu kamarsa a wannan rana, ga mutum an sallame shi daga aikin don ya kula da iyalinsa, ga kuma haƙƙinsa cikakke. Wanda ya ce an fara jin irin wannan a ƙasar Suwidin, wadda ta buɗe hutun renon jariri ga iyaye maza a 1974, bai duba abin da ke cikin littattafan gida ba.

Abin da takardar ta dace a kansa

Ranakun aiki 14 sun kusa mako uku idan aka haɗa da Asabar da Lahadi. Wannan adadi ya rufe lokuta biyu masu muhimmanci.

Na farko shi ne ranar suna. Hadisin Samura ɗan Jundubu (RA), wanda ma'abota Sunan suka ruwaito, ya haɗa yankan aƙiƙa da aski da raɗa suna a rana ta bakwai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan Musulmin wannan ƙasa, dabba ɗaya ake yankawa ga namiji ko mace, ba a ƙirga ranar haihuwa idan an haihu bayan fitowar alfijir, kuma a mashhurin zance aƙiƙa tana faɗuwa idan rana ta bakwai ta wuce. Duk hidimar wannan mako a wuyan uba take: neman rago, kiran wanzami, sanar da dangi, tarbar masu barka, itacen wanka, kayan ƙauri. Dokar ƙwadago ta Saudiyya kwana uku ta ba mahaifi, wato yana komawa aiki kafin suna. Ta Maleshiya, tun farkon 2023, kwana bakwai ta ba shi. Ta wannan fuska tanadin Najeriya ya fi na waɗannan ƙasashen Musulmi biyu yalwa, kuma ya kamata a faɗi haka.

Na biyu shi ne lokacin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mafi yawan mutuwar masu jego da jarirai tana aukuwa a kwanakin farko bayan haihuwa, shi ya sa ta ba da shawarar a duba uwa da jariri a cikin sa'o'i 24 na farko, da rana ta uku, da tsakanin rana ta bakwai da ta sha huɗu, sannan a mako na shida. Uku daga cikin waɗannan huɗun suna cikin kwanakin hutun. Ƙididdigar hukumar ta shekarar 2020 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki ko haihuwa 'yan Najeriya ne. A gidaje da yawa mace ba ta fita asibiti sai da izinin miji, kuma kuɗin mota da na magani a hannunsa suke. Idan jini ya ɓalle ko zazzaɓi ya tashi yana can wani gari a bakin aiki, jinkirin sa'o'i kaɗan yana iya zama ajali. Kiyaye rai da kiyaye zuriya suna cikin manufofin Shari'a guda biyar da malamai irin su Gazali da Shaɗibi suka tattara, hutun kuwa yana yi wa biyun hidima.

Sharaɗin shekara biyu da gidan mai mata fiye da ɗaya

Ga mai mata ɗaya, sharaɗin sau ɗaya a shekara biyu ba ya cika takurawa, domin ya yi kusa da tsawon shayarwar da Alƙur'ani ya ambata. Ko a nan ma akwai masu faɗawa cikin rami: matar da ta yi kwanika, da wadda jaririnta ya koma ta sake haihuwa a shekara mai zuwa, alhali ita ce mafi buƙatar a tsaya a kanta.

Babbar matsalar tana gidan mai mata biyu ko uku. A ƙaddara uwargida ta haihu a Muharram, amarya ta haihu a Rajab. Maigida ya zauna mako uku yana kai uwargida asibiti, yana tsaye a kan sunan ɗanta. Da amarya ta haihu, doka ta ce ya riga ya cinye rabonsa. Wahalar naƙudar ɗaya ce, haɗarin ɗaya ne, jariran biyu 'ya'yansa ne daidai wa daida, amma ɗaya ta sami mijinta a kusa, ɗayar ba ta samu ba, saboda kawai kishiyarta ta riga ta da wata shida. Wannan ba lamari ne na tsiraru ba. Binciken ƙasa a kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na matan aure a Najeriya suna da kishiya, kuma adadin ya fi haka a Arewa.

Dole a yi adalci wajen bayyana hukuncin. Rabon da ya wajaba a tsakanin mata asalinsa kwana ne, wato dare, kuma miji ba ya ɗaukar zunubin abin da ba ya hannunsa. Ma'aikacin da aka hana hutu na biyu bai yi zalunci ba. Sai dai Shari'a ta tsananta a kan adalci tsakanin mata a aya ta 3 da ta 129 na Suratun Nisa'i, har hadisin Abu Huraira (RA) ya yi gargaɗin yadda mai karkata ga ɗaya zai tashi ranar ƙiyama da ɓarin jiki a karkace. Malamai ma sun tabbatar wa mai jinin biƙi haƙƙinta na kwana, ko da yake al'adar Hausawa tana cire mai jego daga girki har ta yi arba'in, abin da ke inganta idan da yardarta. Tsarin da ke shigar da fifiko a gidan da addini ya umurci maigidansa da daidaitawa, ya jefa shi tsakanin zargin iyali da saɓa wa ofis. Abin da zai biyo baya sananne ne: takardar rashin lafiya ta ƙarya, ko roƙon alfarma wurin shugaba, ko gori da ba ya ƙarewa a tsakar gida.

Gyaran ba shi da wuya. A ƙirga shekara biyun a kan kowace mata. Auren mace fiye da ɗaya halattacce ne a dokar Najeriya ga wanda ya yi aure bisa Shari'a ko bisa al'ada, don haka bai dace tsarin aikin gwamnati ya yi kamar bai san da shi ba.

Iyakar 'ya'ya huɗu

Adadin huɗu tsohon baƙo ne a takardun gwamnati. Manufar ƙasa a kan yawan jama'a ta 1988 ta yi kira ga 'ya'ya huɗu ga kowace mace, inshorar lafiya ta ma'aikata ma 'ya'ya huɗu take ɗauka. Amma manufar 1988 a kan mace ta yi ƙirga, ita kuwa wannan takarda a kan namiji ta yi. Mai mata biyu yana iya cika huɗunsa tun kowacce tana da biyu. Wanda ya ƙara aure bayan uwargida ta haifi huɗu kuwa, amaryarsa za ta yi haihuwar fari ba tare da ya sami ko kwana ɗaya ba. Binciken 2018 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a Najeriya 5.3 ne, a Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Likitoci kuma suna lissafa haihuwa ta biyar zuwa sama cikin masu ƙarin haɗari, musamman ta fuskar zubar jini. Ke nan hutun yana yankewa daidai inda buƙatarsa ke ƙaruwa.

Gwamnati tana da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce. Dukiyar jama'a amana ce, ofis ba zai zauna babu kowa ba, kuma kowane haƙƙi da ba shi da iyaka ana iya wasa da shi. Shugaba yana da ikon sanya iyaka a kan kyautar da ya bayar. Sai dai ƙa'idar da Suyuɗi da wasunsa suka kawo a littattafan ƙa'idojin fiƙihu ta ɗaure duk wani tasarrufin shugaba a kan talakawa da maslaha. Iyakar da ake sanyawa don kare baitulmali daban take da wadda ake sanyawa don jan kunnen mai yawan haihuwa. Idan ta farko ake nufi, akwai hanyoyin da ba sa hana ɗa na biyar komai, kamar a rage kwanakin zuwa bakwai bayan haihuwa ta huɗu, yadda za su kai ranar suna. Idan kuwa ta biyu ake nufi, to horon ya sauka a kan wanda bai yi laifi ba, domin jaririn bai zaɓi ya zo na biyar ba. Maleshiya ma ta sanya iyaka, haihuwa biyar, ta kuma faɗa a fili cewa komai yawan matan mutum. Ana iya saɓa mata, amma dai ta nuna cewa masu rubuta dokar sun san irin gidajen da suke yi wa doka.

A tarihin Umar ɗan Haɗɗabi (RA) akwai darasin da ya dace da wannan wuri. Ibn Sa'ad ya kawo cewa Umar yana yanka wa yaro rabo daga baitulmali ne bayan an yaye shi. Wani dare, yana gadin wani ayarin fatake tare da Abdurrahman ɗan Aufu (RA), ya yi ta jin kukan jariri. Da ya bincika sai ya tarar uwar tana gaggauta yaye shi ne don ya shiga cikin masu rabo. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa. Kyautar Umar alheri ce tun farko, sharaɗinta ne ya haifar da cutar da bai yi nufi ba, kuma bai ji nauyin sauya shi ba da ya gani.

Ɗaukar ɗa: tabanni da kafala

Sakin layi na huɗu ya nuna kyakkyawar niyya, domin ya yarda cewa jaririn da ba a haifa a gida ba shi ma yana buƙatar uba. Matsalar tana cikin kalmar da aka zaɓa. Ɗaukar ɗa a ma'anar dokar Najeriya, kamar yadda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tsara, hukunci ne na kotu da ke mayar da yaro tamkar haifaffen wanda ya ɗauke shi. Wannan shi ne tabanni, wanda aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka soke, suka umurci a riƙa danganta yara ga ubanninsu, kamar yadda aka mayar da Zaidu ga mahaifinsa Harisa bayan an daɗe ana danganta shi ga Manzon Allah (SAW).

Abin da Musulunci ya buɗe, ya kuma kwaɗaitar a kansa, shi ne kafala, wato riƙo: a ciyar da yaro, a tufatar da shi, a yi masa tarbiyya, nasabarsa tana nan, gado kuwa sai ta hanyar wasiyya da ba ta wuce sulusi ba ko kyauta tun ana raye. Hadisin Sahlu ɗan Sa'ad (RA) a Buhari ya yi wa mai riƙon maraya bushara da makwabtaka da Annabi (SAW) a Aljanna. Dokokin duniya ma sun san wannan tsari. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Maroko, da ta ba ma'aikatan gwamnati maza hutun kwana 15 a 2022, ta haɗa da wanda aka damƙa wa kafalar yaro. Ita kanta dokar 2003 ta Najeriya tana da babi a kan riƙo dabam da na ɗaukar ɗa. Takardar umarnin ta ambaci ƙofar da Musulmi ba zai iya shiga ba, ta yi shiru a kan wadda yake shiga kullum.

Iyakar wata huɗu ma ba ta dace da yadda riƙo yake faruwa ba. Jaririn da uwarsa ta rasu wurin haihuwa yawanci wurin kaka ko inna yake komawa, daidai da jerin masu haƙƙin reno a mazhabar Malikiyya. Wanda ke zuwa hannun baffa ko kawu shi ne ɗan shekara biyu ko biyar da mahaifinsa ya rasu, irin marayun da rikicin Arewa maso Gabas ya bari tun 2009 da waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka bari a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Yaron da ya san iyayensa ya kuma rasa su ya fi jariri buƙatar a zauna da shi har ya saba da sabon gida. Ya kamata a karɓi shaidar riƙo daga kotun Shari'a ko hukumar jin daɗin jama'a, a kuma ɗaga iyakar shekarun.

Waɗanda hutun bai kai gare su ba

Takardar ta ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ce kawai. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 54, ta ba mace hutun mako 12 na haihuwa, ba ta ce komai a kan namiji ba. Wasu jihohi sun yi nasu tanadin: Legas ta ba da kwana goma tun 2014, Inugu ta ba da mako uku a 2015. Malamin makarantar kuɗi, da mai gadin kamfani, da leburan masana'anta, duk sai abin da mai gida ya ga dama. Jihohin da suka ayyana aiki da Shari'a tun daga 1999 su suka fi cancanta su rubuta tsarin da ya san rabon kwana, ya san ranar suna, ya san kafala. Haka nan makarantu da jami'o'i da asibitocin da ƙungiyoyin Musulmi suka mallaka ba sa buƙatar jiran doka kafin su sanya wannan a yarjejeniyar ɗaukar aiki.

Nauyin da ke kan wanda aka ba hutun

Akwai sukar da ta koma kan magidanta. A al'adar Hausawa jego sha'anin mata ne. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta, tsofaffi su karɓi wanka da kunun kanwa, kunyar ɗan fari kuma ta hana uba ko ɗaukar jaririn a gaban mutane. Taimakon dangi ni'ima ce da ya kamata a riƙe, amma bai sauke wa miji nauyinsa ba, kuma a birane, inda ma'aikaci ke zaune nesa da danginsa, sau da yawa babu tsohuwar da za ta zo. Nana A'isha (RA) ta ba da labari, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida har lokacin salla ya yi. An yafe wa ma'aikaci waɗannan kwanaki ne saboda wata manufa sananniya. Wanda ya karɓe su ya tafi fatauci, ko ya ƙarar da su a majalisar hira, ya ci albashin jama'a a kan abin da bai yi ba, ya kuma ba masu son soke hutun hujja.

Kammalawa

Hutun haihuwa ga ma'aikata maza halal ne a babin ijara, abin so ne a babin zaman aure da kyautatawa, kuma yana da misali a zamanin Annabi (SAW). Kwanakin da Gwamnatin Tarayya ta ware sun wadatar. Abin da ke buƙatar gyara abu uku ne: a ƙirga tazarar shekara biyu a kan kowace mata, a sassauta iyakar 'ya'ya huɗu yadda ba za a bar wani jariri babu komai ba, a kuma shigar da kafala cikin tanadin tare da faɗaɗa shekarun yaron. Dokokin aikin gwamnati ana sake duba su lokaci zuwa lokaci, kuma a irin wannan zama ne ake buƙatar malaman fiƙihu da lauyoyi Musulmi da ƙungiyoyin ƙwadago su gabatar da rubutacciyar shawara, da lafazin da za a iya ɗauka a sanya a doka kai tsaye. Allah ne Mafi sani.